Yadda ake gane babur ɗin da ya taɓa yin haɗari ko tsere kafin a saya

Tsadar sabon babur ta sa mutane da yawa sun koma kasuwar na hannu, tun daga mai neman Boxer ko Haojue na zuwa aiki har matashin da ke burin hawa babban mashin irin Yamaha R6 ko Honda CBR600RR. A cikin baburan da ake tallatawa a wurin dillalai da shafukan Facebook da Jiji, akwai waɗanda suka taɓa cin ƙasa da ƙarfi aka gyara aka yi musu fenti, akwai kuma waɗanda suka yi shekaru a filin tsere kafin a mayar musu da fitila da madubi a loda su a kwantena. A ido duk sumul suke.

Aibin babur ya fi na mota haɗari. Motar da ta ɗan karkace za ta riƙa cin taya tana ja gefe ɗaya. Shi kuwa babur taya biyu ne kacal ke riƙe da shi, idan suka saɓa wa juna ko walda ta saki ana cikin gudu, jikin mahayi ne zai biya. Duk da haka ba kowane babur mai irin wannan tarihi ne abin gudu ba. Akwai lahanin da kuɗi kaɗan ke gyarawa, akwai wanda ba ya gyaruwa, kuma aikin mai saye shi ne ya bambance su kafin kuɗi su bar hannunsa.

Ta ina suke shigowa kasuwa?

Hanya ta farko ita ce gwanjon ƙasashen waje. A Amurka, idan babur ya yi haɗari kuma kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajarsa, wanda a jihohi da dama kashi 75 cikin 100 ne, sai ya biya mai shi ya karɓe babur ɗin. Daga nan takardar mallakarsa ta koma ta abin hawan da aka yanke wa hukuncin asara, a sayar da shi ta kamfanonin gwanjo irin su Copart da IAA. 'Yan kasuwa na saye daga can su shigo da su ta tashoshin ruwan Legas da Kwatano. A Birtaniya kuma tun watan Oktoban 2017 ana raba irin waɗannan ababen hawa gida huɗu: A da B ba a yarda su sake hawa titi ba, S na nufin lahanin ya taɓa ƙashin abin hawan, N kuma bai taɓa ba.

Akwai abin lura a nan. Robobin da ke rufe jikin manyan baburan gudu suna da tsada ƙwarai, har ta kai faɗuwa a tsaye ko zamewa a hankali na iya sa inshora ta yafe babur ɗin da injinsa da firam ɗinsa ba abin da ya same su. Shi ya sa a gwanjo ake samun na kirki a araha, ake kuma samun wanda ya daki bango da kai.

Hanya ta biyu ta cikin gida ce: baburan da aka yi acaba da su shekara da shekaru, waɗanda aka ɗora wa buhunan hatsi fiye da ƙima, da waɗanda samari suka yi wasan ɗaga taya da su a wajen biki. Su ba su da wani tarihi a intanet. Jikinsu ne kawai zai ba da labari.

Lambar shasi ce matakin farko

Tun 1981 aka daidaita lambar shaidar abin hawa, wato VIN, ta zama haruffa da lambobi 17. A babur ana buga ta ne a wuyan firam, inda kan babur ke juyawa, galibi ta ɓangaren dama. Ba a amfani da haruffan I da O da Q a cikinta don kada a rikita su da 1 da 0, saboda haka duk lambar da aka ga ɗaya daga cikinsu a ciki akwai magana.

Haruffa uku na farko suna nuna kamfani da ƙasa. JH2 na Honda ne ƙirar Japan, JYA na Yamaha, JS1 na Suzuki, JKA na Kawasaki, ZDM na Ducati, MD2 kuma na Bajaj ƙirar Indiya. Lambar da ta fara da L ƙirar China ce. A baburan da aka ƙera don kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar samfuri: A 2010, B 2011, C 2012, haka ake tafiya har H 2017, J 2018, K 2019, L 2020. Idan dillali ya ce babur na 2019 ne amma harafi na goma D ne, to na 2013 ne aka sa wa sabbin robobi.

Ya kamata a goge wurin da ƙyalle a haska da fitilar waya. Bugun kamfani a jere yake, zurfinsa ɗaya, ƙarfen da ke kewaye da shi kuma lafiyayye. Idan aka ga alamar an goge wurin da injin gurza, ko haruffa sun hau sun sauka, ko fenti ya yi kauri a nan kaɗai, akwai yiwuwar an sake lambar. Lambar inji daban take, tana jikin injin, ita ma a gwada ta da abin da ke cikin takarda.

Ga babur ɗin da ya fito daga Amurka, a rubuta lambar VIN a Google. Hotunan gwanjo kan daɗe a shafukan da ke tattara su, kuma sau da yawa mutum zai ga babur ɗin yadda yake a ranar da aka sayar da shi, da bayanin ɓangaren da ya daku da adadin tafiyar da mita ta nuna a lokacin. Hukumar NICB ta masu inshorar Amurka tana da shafin VINCheck na kyauta, inda ake duba ko an taɓa kai rahoton sata ko asara. Akwai kuma rumbun NMVTIS da ake biyan kuɗi kaɗan a samu tarihin takardun mallaka. Sai dai rashin samun komai a can ba wanke babur ba ne. Yawancin inshora ba ta biyan haɗarin da aka yi a filin tsere, don haka mai shi kan gyara da kuɗinsa, babu inda za a rubuta.

Inda faɗuwa ke barin tabo

Idan babur ya kwanta, abubuwan da suka fi fitowa waje ne ke fara taɓa kwalta: ƙarshen hannu, liban birki da na kuloci, madubi, matakin ƙafa, murfin inji da salansa. Waɗannan suna da saukin canzawa, don haka abin da ake nema shi ne rashin daidaito tsakanin dama da hagu. Sabon liba a gefe ɗaya da tsoho a ɗaya gefen, ko sabon matakin ƙafa a babur ɗin da komai nasa ya kwana biyu, duk suna nuna wane gefe ne ya sha ƙasa.

Shi ma karcen yana magana. Ɗan tabo wuri ɗaya alama ce ta faɗuwa a tsaye, abin da kusan kowane babur ya taɓa yi. Dogayen layuka masu tafiya a jere kuwa na nuna ya zame yana cikin gudu. Idan kuma aka ga karce a dama da hagu har da saman tanki ko wutsiya, to ya yi ta wuntsilawa ne, kuma irin wannan ne ke lanƙwasa firam.

Wurin da masu gyara suka fi mantawa shi ne ƙananan ƙarafan da ke tsayar da kan babur idan an juya shi har ƙarshe. Suna ƙasan wuyan firam. Idan gaban babur ya daki wani abu, kan kan juya da ƙarfi ya bugi waɗannan ƙarafa, su lotsa ko su karye. A juya kan zuwa dama har ya tsaya, a auna tazarar hannu da tanki da yatsu, sannan a yi haka ta hagu. Tazarar ta zama ɗaya. Idan hannu na taɓa tanki a gefe ɗaya, ko aka ga sabuwar walda a wurin, an taɓa samun babban karo.

Tankin yawancin babura na ƙarfe ne, don haka ƙaramin maganaɗisu ya isa gwaji. A naɗe shi a ƙyalle a bi da shi jikin tankin. Inda ya ƙi kamawa, an cike lotsawa ne da abin cike na masu gyaran jiki aka shafe da fenti. A manyan babura a leƙa bayan robobin: na asali suna ɗauke da tambarin kamfani da lambar kaya a ciki, ramukan notinsu kuma suna zama daidai. Na kwaikwayo kan bar giɓi, sau da yawa ma da igiyar roba ake ɗaure wasu wuraren. Lagireto da ya lanƙwashe a tsakiya yana nufin tayar gaba ta taɓa komawa baya ta same shi.

Firam da shokozoba

Firam shi ne ƙashin bayan babur. Shi ke riƙe tayar gaba da ta baya a layi ɗaya kuma a kusurwar da injiniyoyi suka tsara. Ƙananan baburan aiki firam ɗinsu na baƙin ƙarfe ne, manyan na gudu kuma yawanci na alminiyam. Baƙin ƙarfe yana jure a miƙar da shi idan lanƙwasar kaɗan ce. Alminiyam kuwa idan aka gasa shi da wuta ko aka yi masa walda ba bisa ƙa'ida ba, ƙarfinsa na raguwa a wurin, zai iya tsagewa ba tare da ya yi gargaɗi ba.

A cire kujera, in da hali a ɗaga tanki, a duba waldar da ke kewaye da wuyan firam da wajen da ƙafar baya ke haɗuwa da shi. Waldar kamfani tana tafiya a tsare kamar an jera kwabbai. Ta bakin titi kuwa tana da ƙulli-ƙulli da ɗigon ƙarfe a gefe. Fentin da ya tsattsage ko ya tattare a wuri ɗaya alama ce ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ya taɓa lanƙwashewa. A baburan da aka yi dako da su, ƙarƙashin kujera da mariƙin shokozoban baya ne suka fi karyewa.

Akwai gwaji mai sauƙi da igiya. A tsayar da babur a miƙe a kan siminti mai laushi, wani ya riƙe shi. A zagaya doguwar igiya ta bayan tayar baya, a jawo bakinta biyu zuwa gaba ta dama da hagu, a ɗame ta yadda kowane ɓangare zai ɗan taɓa gefen tayar baya a wuri biyu, baya da gaba. A miƙar da tayar gaba. Da yake ta gaba ta fi siranta, za a ga tazara tsakaninta da igiyar, kuma dole tazarar dama da ta hagu su zo ɗaya. Idan sun bambanta, a fara duba notin ɗame sarƙa na ɓangarori biyu, domin sau da yawa bakanike ne ya ja ɗaya fiye da ɗaya. Idan an daidaita su amma bambancin bai tafi ba, firam ko ƙafar baya ta karkace. Daga nan a tsuguna a baya a hango tayoyin biyu: kada ɗaya ta tsaya a miƙe ɗaya ta jingina.

Sandunan shokozoban gaba su ne ke fara lanƙwashewa a karo. A ɗora faffaɗan gilashi ko ƙarfe mai santsi a kan sandunan biyu lokaci guda. Idan ya zauna daram, lafiya. Idan yana rawa, ɗaya ta karkace ko kuma mariƙinsu ya murɗe. A kama birkin gaba a danna kan babur sau da yawa: ya sauka ya tashi ba tare da cijewa ba, kuma kada a ga zoben mai a jikin sandar. Sannan a ɗaga kowace taya a juya ta ana kallon bakin wili da faifan birki, ko suna kaɗawa.

Yadda ake gane wanda ya fito daga filin tsere

Dokokin tsere suna tilasta wasu canje-canje da ke barin shaida ta dindindin. Babbar cikinsu ita ce ƙananan ramuka da ake hudawa a kan notin zubar da baƙin mai, murfin zuba mai, notocin birki da na gatarin taya. Ana zura siririyar waya a ciki a ɗaure don kada su kwance ana gudu. Ko an cire wayar, ramin na nan. Babu dalilin da zai sa a huda waɗannan notoci a babur ɗin da titi kawai ya sani.

Taya ma tana tona asiri. Wadda aka yi tsere da ita gefunanta ne ke cinyewa fiye da tsakiya, robar ta dunƙule kamar an narka ta, wani lokaci da ɗan launin shuɗi saboda zafin da ta sha. Idan an sa sabuwa, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a jerin da ke bin kalmar DOT a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Masu ƙera taya na ba da shawarar a riƙa bincikar ta duk shekara idan ta kai shekara 5, a sauke ta idan ta kai 10 ko da zanenta bai ƙare ba.

Sauran alamomin sun haɗa da wayoyin fitila da sigina da aka yanke aka sake haɗawa da salatif, makunnin ƙafar jingina da aka tsallake, ragowar sitikar binciken tsere a jikin firam, da giyar da aka juya tsarinta ta yadda ta ɗaya ke sama sauran a ƙasa. Filayen tsere da yawa suna hana ruwan sanyaya inji mai sinadari saboda santsinsa idan ya zube, don haka ake zuba ruwa zalla. Idan an bar shi ya daɗe, cikin lagireto kan yi tsatsa. Robobi da fitilu da suka yi sabunta fiye da sauran jiki su ma abin tambaya ne, domin masu tsere kan cire na asali su adana, su mayar ranar da za su sayar.

Mitar irin wannan babur ba abin dogaro ba ce. Wasu na cire ta gaba ɗaya lokacin tsere. Ko tana nan ma, injin 600cc da ke juyawa sama da sau 14,000 a minti ɗaya na tsawon yini yana gajiya fiye da wanda ya yi doguwar tafiya a hankali. A kuma tuna cewa mitar baburan Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. A ɗaya ɓangaren, mai tsere na gaske kan canza baƙin mai da ruwan birki fiye da kowa, ya kuma sa shokozoba mai tsada. Idan yana da rasit da rubutaccen tarihin gyara, babur ɗinsa na iya fin na wanda bai taɓa shiga fili ba amma bai san ranar da ya canza mai ba.

Wasan ɗaga taya ya fi tsere ɓarna

Babur ɗin da aka yi wasa da shi ya fi wahala, ƙarami ne ko babba. Duk lokacin da tayar gaba ta dawo ƙasa da ƙarfi, boris ɗin wuya ne ke shan dukan, har ƙwallayen su yi wa mazauninsu gurbi. A ɗaga gaban babur a juya kan a hankali daga dama zuwa hagu. Idan ya ɗan maƙale a tsakiya kamar ya faɗa rami, boris ya tafi. Haka kuma idan babur ya daɗe a tsaye kan tayar baya, baƙin mai na gangarawa baya, famfon mai ya ja iska, sassan inji su yi ta gogar juna a bushe.

Alamominsa su ne sifoket ɗin baya da ya fi na asali girma sosai, tankin da aka lotsa samansa da gangan, ƙarfen kariya da aka kewaye inji da shi, wutsiya ko lambar baya da ta goge ta ƙasa, da tayar baya da tsakiyarta ya yi faifai. Giya ta biyu ita ce ta fi shan wahala a irin wannan wasa, shi ya sa ake gwada ta musamman.

A tayar da inji yana sanyi

A shaida wa mai sayarwa tun a waya cewa kada ya tayar da babur kafin a zo. Da isa, a taɓa inji da bayan hannu. Inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi da hayaƙi da ƙarar da ake ji a mintunan farko. Hayaƙi mai shuɗi na nufin yana ƙona baƙin mai, galibi ringi ko robar bawul. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa. Farin hayaƙi mai kauri da bai tsaya ba bayan inji ya yi zafi, a babur mai lagireto, alama ce ruwa na shiga ɗakin ƙuna. Baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara ya gauraya da ruwa ne. Ƙyalƙyalin ƙarfe a cikinsa kuma ya fi duka muni.

Ɗan ƙarar tik-tik daga saman inji sau da yawa saitin bawul ne kawai. Bugu mai nauyi daga ƙasa da ke ƙaruwa idan an ba da wuta kuwa aikin buɗe inji ne. Ga babur mai tsada, ya dace bakanike ya auna ƙarfin matsin kowace silinda da agogon awo. Abin da ake so shi ne su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100.

Lantarki da kwamfutar inji

Ƙaramar mitar awon lantarki ta isa a san lafiyar caji. Batir mai kyau yana nuna kusan volt 12.6 idan inji a kashe yake, ya hau tsakanin 13.5 da 14.5 idan an tayar an ɗan ba da wuta. Idan bai hau ba, ko ya wuce 15, tsarin caji na da matsala.

Da an murɗa makulli, fitilun gargaɗi su kama gaba ɗaya. Ta inji da ta mai su mutu bayan inji ya tashi, ta ABS kuma sai babur ya fara tafiya take mutuwa. Fitilar da ba ta kama ba tun farko ta fi wadda ta ƙi mutuwa ban tsoro, domin mai yiwuwa an cire ta ne don a ɓoye matsala. Baburan da aka ƙera bisa ƙa'idar Euro 4 ta Turai, wadda ta fara aiki a 2016, suna da wurin jona na'urar bincike, kuma da ƙaramar na'urar OBD da wayar haɗi da ta dace da samfurin ana iya karanta kurakuran da kwamfutar inji ta adana a wayar hannu. A tambaya ko an taɓa sauya manhajar kwamfutar ko an ƙara mata akwati irin Power Commander, domin saitin da aka yi don salansar tsere da fetur mai ƙarfi ba lallai ya dace da man da ake sha a gidajen mai ba.

A nemi dukkan makullai. Manyan babura da yawa suna da makulli mai guntun lantarki a ciki, kamar tsarin HISS na Honda. Wasu samfuran Yamaha na zuwa da jan makulli wanda da shi kaɗai ake yi wa sabon makulli rajista. Idan babu shi kuma sauran suka ɓata, sai an canza kayan lantarki masu tsada. A kuma buɗe mahaɗan wayoyi biyu ko uku: koren tsatsa ko busasshen taɓo a ciki na nuna babur ya kwana a ambaliya, kuma matsalar lantarkin irin wannan ba ta ƙarewa.

Gwajin tuƙi

A nemi miƙaƙƙen titi mai kyau wanda ba cunkoso, a sa hular kwano. A gudun kusan kilomita 40 a awa, a sassauta riƙon hannu ba tare da an saki ba. Lafiyayyen babur zai ci gaba a miƙe. Wanda ke ja gefe ɗaya, ko kansa ke kaɗawa, ko ya fi son kwana ta dama fiye da ta hagu, yana tabbatar da abin da igiya ta nuna. A bi giyoyi duka, a ba da wuta sosai a ta biyu a ga ko za ta fice da kanta. A babbar giya kuma, idan ƙarar inji ta tashi amma gudu bai ƙaru ba, kuloci na zamewa. Birkin da ke bugun yatsu idan an kama shi a hankali na nufin faifan ya karkace. Mai sayarwar da ya hana a hau ko a kawo bakanike ya riga ya ba da amsa.

Takardu

Babur mai araha fiye da ƙima wanda babu takarda yana iya zama na sata, kuma karɓar kayan sata laifi ne a dokar Najeriya. A nemi rasit na asali, takardun kwastam idan shigo da shi aka yi, da takardun rajista, a tabbatar lambar shasi da ta inji sun yi daidai da abin da ke jiki harafi bayan harafi. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana da shafin tantance lambar abin hawa a intanet. A rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai sayarwa da hoton katin shaidarsa da sa hannun shaidu biyu, a rubuta duk aibin da ya bayyana a ciki. A shari'ar Musulunci ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye na da zaɓin mayar da kaya idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Rubutun ne zai raba gardama a ranar.

Wanne za a ɗauka, wanne za a bari?

Karce a roba, liba, madubi, salansa, taya, sarƙa da sifoket, robar shokozoba da boris ɗin wuya duk kayan canji ne. A tambayi farashinsu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko wurin mai kawo kaya, a haɗa da kuɗin aiki, a cire daga farashin babur. Ga manyan babura a fara tabbatar da cewa kayan suna samuwa, domin wasu sai an yi odarsu daga waje da dala a jira makonni.

Amma firam da ya tsage ko aka yi wa walda a wuya, tayoyin da suka ƙi zama a layi ɗaya, lambar shasi da aka taɓa, bugun ƙasan inji da alamar ambaliya, waɗannan ba abin ciniki ba ne ko nawa aka rage. Wanda zai fara hawa babban babur kuma gara ya nisanci duk wanda ya fito daga tsere, ya bar shi ga masu kayan aiki da sanin gyara.

Kuɗin da za a ba amintaccen bakanike, wanda ba shi da alaƙa da dillalin, don ya yi awa ɗaya yana bincike, bai kai na taya ɗaya ba. A je da rana, a tafi da igiya da maganaɗisu da mitar lantarki, kada a ba da kafin alƙalami sai an gama dubawa. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, a harkar babur kuwa har da mahayin yake mayarwa gida.